Idan Ɗanku Ya Samu Saɓani da Kocinsa na Besbol: Jagora ga Iyaye Mazauna Amurka

Bahaushen da yake renon 'ya'ya a Amurka, ko a unguwar Bronx ta birnin New York inda 'yan zangon Gana suke da yawa, ko a Greensboro ta jihar North Carolina inda 'yan Nijar suka daɗe da zama, yana iya wayar gari ya tarar ɗansa ya ƙwallafa rai a kan wasan da shi uban bai taɓa bugawa ba, bai ma san dokokinsa ba. Besbol wasa ne na jifa da dukan ƙwallo da sanda, kuma yaran ƙasar sukan fara shi tun suna 'yan shekara shida ko bakwai. Yawanci ba a samun wata damuwa sai yaro ya kai shekara 14 zuwa 17 ya shiga ƙungiyar makarantar sakandare, sannan wata rana ya dawo gida ransa a ɓace ya ce koci ya tsane shi, ko ya ajiye shi a benci babu dalili, ko ya ci masa mutunci a gaban abokansa.

A nan ne iyaye suke rabuwa gida biyu. Wasu su ce malami ba ya laifi, su umarci yaro ya yi haƙuri ya kama bakinsa, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Wasu kuma su ɗauki zafi su tare koci a bakin fili. Dukansu sun tsallake abu guda, wato tantance irin saɓanin da ake ciki. Akwai abin da yake hurumin koci ne, kamar wanda zai buga, da gurbin da zai tsaya, da dabarar wasa, kuma a kan wannan yaron ne ya kamata ya yi magana da bakinsa. Akwai kuma abin da ya shafi lafiyar jikin yaro da mutuncinsa, wanda iyaye ba sa jiran izinin kowa kafin su sa baki. A ganina iyaye da yawa sukan juya lamarin, su yi ta faɗa a kan zaman benci alhali sun yi shiru a kan gwiwar hannun da take yi wa yaro ciwo.

Mataki na farko: ku saurari yaron, amma ba a cikin mota ba

Mafi munin lokacin tayar da maganar shi ne a hanyar komawa gida bayan an tashi daga wasa. Yaro ya gaji, yana jin yunwa, wataƙila an cinye su, shi kuma ko ƙwallo bai taɓa ba, don haka duk abin da ya fito daga bakinsa zafin rai ne. Ku bari ya ci abinci ya kwana, washegari ku nemi wurin da ƙannensa ba sa nan. Idan da mahaifiyarsa ya fi sakin jiki, to ita ta fara, domin a gidajenmu da yawa saurayi ba ya iya zayyana wa mahaifinsa abin da ya ba shi kunya.

Kada ku fara da "Me ka yi masa?", domin wannan tuhuma ce kuma za ta rufe masa baki. Ku ce masa ya ba ku labari tun daga farko: yaushe abin ya fara, me koci ya ce, da waɗanne kalmomi, su wa suke wurin, shi kuma me ya mayar. Ainihin kalmomin su ne za su nuna muku inda matsalar take. Kocin da ya ɗaga murya ya ce yaro ya yi kasala wajen gudu, a kan aiki ya yi magana, ko da muryar ba ta yi daɗi ba. Wanda ya kira shi daƙiƙi, ko ya kwaikwayi sunansa ko lafazin iyayensa don sauran yara su yi dariya, mutuncinsa ya taɓa. Ku rubuta abin da kuka ji tare da kwanan wata, ku ci gaba da rubutawa duk lokacin da wani abu ya sake faruwa, domin idan magana ta kai ofis, takarda mai kwanan wata ake saurare.

Daga ƙarshe ku tambaye shi abin da yake so ku yi. Sau da yawa amsar ita ce, "Baba, don Allah kada ka je, zan ji kunya." Idan babu haɗari a cikin lamarin, ku girmama wannan roƙon na ɗan lokaci. Haka nan kada ku zagi koci a gabansa, domin gobe zai koma ƙarƙashin mutumin, kuma yaron da ya ji ubansa ya ce koci bai san aikinsa ba ya daina karɓar gyara daga wannan ranar.

Mataki na biyu: ku fahimci abin da yake sa a ajiye yaro a benci

Saɓani da yawa da ake samu a wannan shekarun ya samo asali ne daga canjin da iyaye ba su lura da shi ba. A gasar yara ta Little League, wadda aka kafa a garin Williamsport na jihar Pennsylvania a 1939, akwai dokar da ta wajabta a sa kowane yaro a wasa, ya yi tsaron fili na ɗan lokaci kuma ya samu damar dukan ƙwallo aƙalla sau ɗaya. A sakandare babu wannan dokar. Mutum tara ne suke tsayawa a fili, ƙungiya kuwa tana iya kai mutum 18 ko 20, wasan kuma zagaye bakwai ne, a kowane zagaye ƙungiyoyin biyu suna karɓa-karɓa tsakanin duka da tsaron fili. Bugu da ƙari, a dokar sakandare wanda aka fara wasa da shi yana iya fita ya sake dawowa sau ɗaya, amma wanda ya shigo daga benci idan aka fitar da shi ya fita ke nan, shi ya sa koci yake taka-tsantsan wajen canji.

Filin ma ya canja. A na yara, tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai duka yake bi da gudu don ya ci maki, ƙafa 60 ne, daga tudun mai jifa zuwa wurin mai duka kuma ƙafa 46. A na manya, wanda ake komawa a wajen shekara 13 ko 14, tsakanin tashoshi ƙafa 90 ne, jifa kuma daga ƙafa 60 da inci 6. Sandar ma ta ƙara nauyi, domin a sakandare sanda mai tsawon inci 33 dole ta kai aƙalla oza 30, alhali ta yara ta fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Yaron da ya riga tsaransa girma yana ɗan shekara 12, yana aika ƙwallo bayan shinge kowane mako, yana iya tarar da cewa dukan da yake yi a da yanzu a hannun mai tsaron baya yake faɗawa, sauran yara kuma sun kamo shi a tsawo da ƙarfi. Wannan yana yi wa yaro ciwo ƙwarai, kuma ya fi masa sauƙi ya ce koci ne ya tsane shi.

Akwai kuma wasu halaye da masu horar da besbol ba sa yafewa, waɗanda mai kallo daga nesa ba zai gane su ba. Idan yaro ya daki ƙwallo ta gangara a ƙasa, ana so ya sheƙa da gudu zuwa tasha ta farko ko da ya tabbata za a riga shi. Idan ya yi tafiyar gajiya, koci yana ɗaukar wannan a matsayin raini ga ƙungiya. Kocin da yake tsaye a tasha ta uku yana ba da umarni da alamu, ya taɓa hula, ya shafi ƙirji, ya ja kunne, ma'ana yaro ya tare ƙwallo a hankali da sanda don abokinsa ya ci gaba, ko ya bar jifan ya wuce, ko ya saci tasha, wato ya ruga tasha ta gaba yayin da ake jifa. Yaron da ya yi biris da alama ya yi dukan son ransa yana iya komawa benci ko da dukan ya yi kyau. Haka jefar da hular kwano cikin fushi, da yi wa alƙalin wasa musu, da zuwa atisaye a makare, da faɗuwar maki a aji, tunda makarantu suna da sharaɗin karatu kafin a bar ɗalibi ya buga. Kuma wasa ne da aka gina a kan rashin nasara, domin wanda yake samun dukan kirki sau uku a cikin goma gwani ne, saboda haka koci yana kallon yadda yaro yake ɗaukar sauran bakwai ɗin.

Wani abu ya shafe mu musamman. Yaron da aka tarbiyyantar a gidan Hausawa idan babba yana yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, kuma a wurinmu wannan shi ne ladabi. Kocin Amurka yana so a dube shi ido cikin ido a amsa masa da murya. Sai ya ga yaro yana kallon ƙasa bai ce uffan ba, ya ɗauka taurin kai ne ko rashin damuwa, ya ƙara fushi, yaro kuma ya ƙara sunkuyawa. Ku gaya wa ɗanku a fili cewa a gaban koci ɗaga kai da amsawa shi ne girmamawa, kuma yin haka bai saɓa wa tarbiyyar gida ba.

Mataki na uku: ku je ku gani da idonku

Zuwa da kai ya fi aike. Ku halarci wasa biyu ko uku, ku zauna inda kuke ganin benci, ku yi shiru. Ku duba ko koci yana yi wa kowa tsawa ne ko ɗanku kaɗai, ko bayan tsawar yana jan yaro gefe ya nuna masa gyara, da yadda ɗanku yake zama idan ba ya cikin wasa, ko yana ƙarfafa abokansa ko ya ware a ƙarshen benci ya haɗe rai. Ƙungiyoyi da yawa suna rubuta sakamakon kowane ɗan wasa a manhajar GameChanger, inda za ku ga sau nawa aka ba shi dama, da abin da ya yi da ita, da yawan jifan da ya yi. Ku kuma nemo takardar ƙa'idojin da kuka sa wa hannu a farkon kakar wasa, wadda yawancinmu muke sa wa hannu ba mu karanta ba, domin a cikinta ake bayyana hukuncin fashin atisaye da hanyar kai ƙorafi.

Mataki na huɗu: ku ware abin da ba ya jira

Idan ɗanku mai jifa ne, wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. Jifa ta sama da ƙarfi tana matsa wa wata jijiya da take cikin gwiwar hannu, kuma a jikin matashi ƙasusuwan wurin ba su gama ƙwari ba. Idan jijiyar ta tsinke, maganinta tiyatar da aka sani da sunan Tommy John, ɗan wasan ƙungiyar Dodgers da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kuma jinyarta takan ɗauki shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi kafin mutum ya koma jifa. Wani bincike da cibiyar nazarin lafiyar 'yan wasa ta Birmingham a jihar Alabama ta fitar a 2011, bayan ta bi yara masu jifa 481 har shekara goma, ya gano cewa waɗanda suke jifa fiye da zagaye 100 a shekara sun fi sauran haɗarin mummunan rauni har ninki uku da rabi.

Saboda irin wannan ne babbar gasar ƙwararru ta MLB da hukumar USA Baseball suka fitar da ƙa'idojin Pitch Smart a 2014. Ga ɗan shekara 13 zuwa 16, iyakar jifa a rana guda 95 ne, ga ɗan 17 zuwa 18 kuma 105. Hutu ma a ƙayyade yake: ɗan shekara 15 ko 16 da ya yi jifa 31 zuwa 45 zai huta kwana ɗaya, 46 zuwa 60 kwana biyu, 61 zuwa 75 kwana uku, daga 76 zuwa sama kuma kwana huɗu. An kuma ba da shawarar a huta daga jifan gasa aƙalla wata huɗu a shekara, kada a wuce zagaye 100 a cikin wata 12, kuma kada yaro ya yi wa ƙungiyoyi biyu jifa a lokaci guda. Tun daga kakar 2017, kowace jiha da take bin dokokin tarayyar hukumomin wasannin sakandare dole ta kasance da tata ƙa'idar ƙidayar jifa, kuma lambobin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ku nemi na jiharku a shafin hukumar wasannin sakandarenta.

Ku riƙa ƙirgawa da kanku, ko a takarda ko a waya. Idan koci ya sa yaro jifa 85 ranar Talata ya sake kiransa ranar Alhamis, ko yaro ya ce gwiwar hannunsa tana ciwo aka ce masa ya daure kamar namiji, to babu batun jiran yaro ya yi magana da kansa. A ranar za ku sanar da koci a rubuce cewa yaron ba zai yi jifa ba sai likita ya duba shi, ku kai shi wurin jami'in kula da lafiyar 'yan wasa na makaranta idan akwai, ku karɓi takardar likita. Alamomin da ba a wasa da su sun haɗa da ciwo a gefen ciki na gwiwar hannu, da kasa miƙe hannun sosai, da mutuwar jiki a ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da raguwar ƙarfin jifa kwatsam. Sai dai ku binciki kanku kafin ku ɗora wa koci laifi gaba ɗaya, domin akwai iyayen da suke biyan kuɗi yaro ya yi wa wata ƙungiyar kuɗi jifa ranar Lahadi ba tare da kocin makaranta ya sani ba, kuma hannun da yake yin aikin biyu guda ɗaya ne. Haka batun bugu a kai: dukkan jihohin Amurka 50 suna da doka a kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasannin matasa, kuma abin da ta ginu a kai shi ne a fitar da yaron da ake zargin ya samu irin wannan rauni, kada ya dawo sai ma'aikacin lafiya ya amince.

Sauran abubuwan da ba sa jira su ne duka ko hankaɗa, da hana ruwa ko tilasta gudu a cikin zafi a matsayin horo, da zagin launin fata ko addini ko ƙasar asali, da barin manyan yara su wulaƙanta sababbi da sunan al'adar ƙungiya, da duk wata keɓancewa da ba ta dace ba, kamar saƙonnin waya na sirri da dare, ko kyaututtuka, ko neman yaro ya ɓoye wa iyayensa wani abu. Idan kun ji ɗaya daga cikin waɗannan, ku tsallake zuwa mataki na bakwai.

Mataki na biyar: yaron ya je da kansa

Idan kun tabbatar batun zaman benci ne, ko an ɗauke shi daga gurbin da yake so an kai shi wani, ko salon maganar koci ne ba ya yi masa daɗi, to waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yawancin masu horarwa a sakandare sun faɗa tun a taron farkon kaka cewa ba sa tattauna lokacin wasa da iyaye, amma suna maraba da ɗan wasan da ya zo da kansa. Ku taimaka masa ya shirya. Kada ya tare koci ana shirin fara wasa ko bayan an sha kashi, ya jira ƙarshen atisaye ya ce, "Koci, ina neman minti biyar idan kana da lokaci." Tambayar da zai yi ita ce, "Me nake bukatar in gyara don in samu ƙarin dama?" Kada ya ambaci sunan wani yaro, kada ya ce ya fi wane iyawa. Idan an gaya masa abu biyu ko uku, ya maimaita su don koci ya san ya ji, ya yi godiya, ya nemi izinin dawowa bayan mako biyu a duba ko an samu ci gaba. Idan akwai laifin da ya yi, ya fara da neman afuwa a taƙaice ba tare da kawo uzuri ba.

Ku gwada maganar a gida, uba ya zama koci, har da ɗaure fuska, yaro ya faɗi nasa da murya mai fita yana kallonsa. Yana iya zama abin dariya a karon farko, amma yaron da ya furta kalmomin sau uku a falo ba zai daburce a fili ba.

A wannan ganawar ce kuma ya dace a warware batun addini, wanda sau da yawa rashin sani ne yake haddasa shi. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo cikin watan Maris, daidai lokacin da makarantu da yawa suke tantance 'yan wasa da fara kaka, kuma tunda yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu yana shiga lokacin atisayen share fage. Kocin da bai san yaro yana azumi ba zai ga ya yi laushi ya ƙi shan ruwa, ya fassara shi da lalaci. Haka idan makarantar Islamiyya ta ranar Asabar ta ci karo da wasa, ko ranar Sallah ta faɗo ranar atisaye. Makarantun gwamnati na birnin New York suna ba da hutun Sallah ƙarama da babba tun daga shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, amma wurare da yawa ba sa yi. A sanar da koci tun da wuri, da kwanakin a rubuce, kuma a nan babu laifi iyaye su aika ɗan gajeren saƙo na goyon baya.

Mataki na shida: ganawar iyaye da koci

Idan yaro ya yi nasa, mako biyu ko uku sun wuce, koci ya ƙi sauraronsa ko abin ya ƙara lalacewa, lokacinku ya yi. Ƙungiyoyi da yawa suna da ƙa'idar cewa ba a tuntuɓar koci sai bayan awa 24 da tashi daga wasa, kuma ƙa'ida ce mai kyau ko da taku ba ta rubuta ta ba. Ku aika saƙon imel na layi uku ko huɗu: gaisuwa, godiya a kan lokacin da yake ba yara, da neman ganawa ta minti 15 game da halin da ɗanku yake ciki. Kada ku zuba ƙorafin a cikin saƙon, kada ku kai shi zauren WhatsApp na iyaye, kada kuma ku rubuta shi a Facebook, domin abin da aka rubuta cikin fushi yakan isa wurin koci kafin ku isa.

Ku tuna cewa kocin sakandare yawanci malamin makaranta ne da ake ba ɗan alawus a kan sa'o'i masu yawa, na ƙungiyoyin unguwa kuma galibi sa kai yake yi. Ku fara da abin da kuka lura a gida, misali cewa yaron da yake ɗokin atisaye yanzu ba ya son tashi, sannan ku tambayi koci abin da shi yake gani, ku bar shi ya gama. Kuna iya jin abin da yaro bai gaya muku ba. Kada ku kawo maganar ɗan wani, ko dabarar wasa, ko kuɗin da kuka kashe. Abin da kuke da iko a kansa shi ne yadda ake yi wa ɗanku magana, da lafiyarsa, da bayanin abin da ake so ya gyara. Idan akwai kalmar da ta wuce gona da iri, ku faɗe ta yadda take, da ranar da aka faɗe ta, ku ce kun amince a yi masa gyara da tsauri amma ba da wannan kalmar ba. Idan Turancinku bai kai ku yi wannan magana yadda kuke so ba, ku nemi makaranta ta kawo tafinta ko ku zo da babban mutum da kuka amince da shi. Kada ku sa yaron ya yi muku tafinta a kan maganar da ta shafe shi. Ya fi kyau yaron ya halarta, tunda maganarsa ake yi. Bayan an tashi, ku aika saƙon godiya da ya ƙunshi abin da aka amince a kai, wanda shi ne zai zama shaidarku.

Mataki na bakwai: ɗaukaka ƙara

A makaranta tsarin a jere yake: koci, sai daraktan wasanni, sai shugaban makaranta, sai ofishin gundumar ilimi. Idan kuka tsallake ɗaya a kan ƙaramin batu, za a mayar da ku baya. Ku kai wa darakta takardar da kuka rubuta tun farko, ku tsaya a kan abin da ya faru da kwanakinsa, ku faɗi abin da kuke nema a yi, kuma ku tambaye shi yadda zai tabbatar ba a huce a kan yaron ba. Ku sani cewa darakta ba zai umarci koci ya sa ɗanku a wasa ba, amma zai ɗauki batun keta ƙa'idar jifa ko cin mutunci da muhimmanci, domin makarantar ce za ta amsa tambaya.

Idan wariya ce ta launin fata ko ƙasar asali, sashe na shida na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ya haramta ta a duk makarantar da take karɓar kuɗin tarayya, kuma ana iya kai ƙara ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar ilimi ta tarayya, yawanci cikin kwana 180. A jihar New York akwai dokar kare mutuncin ɗalibai da ta fara aiki a 2012, wadda ta sa kowace makarantar gwamnati ta naɗa jami'in da yake karɓar irin wannan ƙorafi, har da na addini. A ƙungiyoyin da suke ƙarƙashin USA Baseball, cibiyar SafeSport da aka buɗe a Denver a 2017 tana karɓar rahoton cin zarafi. Idan kuwa duka ne da ya bar rauni, ko wani abu na lalata, 'yan sanda ko hukumar kare yara ta jiha za ku fara kira, sannan ku sanar da makaranta, kuma kada jin kunya ko tsoron surutun jama'a ya hana ku. Idan yaron ya fara maganar cutar da kansa, lambar wayar neman taimako ta 988 tana aiki dare da rana a duk faɗin ƙasar.

Idan an kai ga batun barin ƙungiya

Wani lokaci ana bin duk matakan nan a tarar koci bai karya wata doka ba, jininsu ne kawai bai haɗu da yaron ba. Kakar sakandare gajeriya ce, wata uku ne ko ƙasa da haka a yawancin jihohi, kuma idan babu cutarwa, ƙarasa ta ya fi ficewa a tsakiya, ko don masu horarwa na jami'a sukan tambayi kocin sakandare halin yaro kafin su ɗauke shi. Kada ku yi gaggawar canja makaranta, domin jihohi da yawa suna dakatar da ɗalibin da ya canja saboda wasa, wani wuri rabin kaka, wani wuri har shekara guda. Ku tambayi hukumar wasannin jiharku kafin ku cike kowace takarda. Hanya mafi sauƙi ita ce a nema masa wata ƙungiya bayan an rufe makaranta, kamar ta American Legion, ko ta Babe Ruth, ko shirin RBI da aka fara a Los Angeles a 1989 don yaran cikin birni, wanda kuɗinsa bai kai na ƙungiyoyin yawon gasa da suke cin dubban daloli ba. A ƙarƙashin wani kocin za ku gane ko matsalar ta mutum ɗaya ce ko tana bin yaron.

Idan kuma abin da yake ƙara muku zafi shi ne fatan ya samu gurbin karatu kyauta ta hanyar wasa, ku sa lissafi a gaba: bisa ƙididdigar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, ƙasa da ɗaya cikin goma na masu buga besbol a sakandare ne suke kaiwa ga ƙungiyoyin jami'o'inta, kuma ba dukansu ne suke samun tallafin kuɗi ba. Idan yaron da kansa ya ce ya gaji da wasan, ku nemi ya bari kaka ta ƙare, ya huta wata guda ba tare da an tayar da maganar ba, sannan ku sake tambayarsa. Idan har yanzu amsarsa ɗaya ce, ya je da ƙafarsa ya sanar da koci, ya mayar da riga da sauran kayan makaranta, ya karɓi shaidar cewa ya mayar, domin makarantu sukan rubuta kuɗin kayan da ba a dawo da su ba a matsayin bashi a kan ɗalibi.